Takardar da na rubuta da hannuna

Shekarun baya, ina ɗinki a Bodinga, na ƙirƙiro mana wani wasa. Bayan la'asar mu biyar muke zama a shagona, ni nake ba da labari, su kuma kowa ya zama mutum ɗaya a ciki, ɗan ludo ya raba gardama. Labarin wani gari ne da ɓarayin shanu suka addaba. Kowa na ba shi takarda a ninke mai ɗauke da sirrinsa, ɗaya daga ciki kuma ta infoma ce. Dokata: ka riƙe takardarka, kada kowa ya gani har a kama ka.

Ni da iyayina, wai don wasa ya yi armashi, sai na sa sunayen ƙauyukanmu na gaske. Abokina mai sayar da albasa shi ya ɗauki ta infoma. Ga abin da na rubuta: "Kai ke gaya musu gidan da ke da shanu a Horo Birni."

Ranar kasuwar Shagari, 'yan sa-kan wani ƙauye suka tare motar da abokin nan nawa ke ciki suna bincike, don an kore musu shanu a makon. Suka zaro takardar daga aljihunsa.

Direban ne ya kira ni. "Sun ɗaure abokinka, suna tambaya wa yar rubuta wagga takarda."

Wallahi ban tashi ba. Rubutuna ne, kowa ya san shi. Na zauna gaban keken ɗinki, ina ce wa kaina ai zai yi musu bayani. Sai da aka kira azahar na karɓo sauran takardun wurin abokan wasan, na roƙi limaminmu ya raka ni.

Mun same shi fuska a kumbure, jini na fita ta kunne. Liman ya yi ta rantsuwa, ana karanta takardun ɗaya bayan ɗaya, kafin suka kwance shi. Kunnen nan bai ƙara ji da shi ba.

A mota na ce, "Don mi ba ka ce ni na rubuta ba?"

Ya ce, "Da sun zo har shago sun ɗauke ka. Na san kana hanya."

Tun ranar ban sake haɗa wasa ba. Muna tare har yau, yana juyo mini da kunnen dama in zan yi magana. Ina jin kunyarsa, kuma har yanzu na kasa gaya masa awa uku na yi a zaune.