Kajin Ƙarƙashin Gadon Doña Eulogia

A ƙauyenmu na bayan Camiri babu wanda bai san Doña Eulogia ba. 'Yar gajeruwar tsohuwa ce, baki kamar reza, tana sayar da ƙwai da dafaffiyar masara a bakin titi. Tun tana amarya kajinta a ƙarƙashin gadonta suke kwanci. Wai dila, wai ɓarayi, wai sanyi. Ƙarya take yi, barci ne ba ya ɗaukarta sai ta ji ana motsi a ƙasa.

To, ga binchuka, ƙwaron nan da ke maƙalewa a tsagar bangon laka da sheƙar kaza. Ya sha jinin mutum, ya bar masa ciwon Chagas mai cin zuciya a hankali. Masu feshin maganin ƙwari sun yi mata magana har bakinsu ya bushe. In sun zo, sai ta fito da komai tsakar gida, amma kwandon kaza mai kwanci, don kada su ƙone sheƙar, ta tsuguna a kai ta baza siket.

"Doña, me ke kuka a ƙarƙashinki?" in ji shugabansu.

"Cikina ne, ɗan nan. Ko shi ma feshin za ka yi masa?"

Suna juya baya, kwando ya koma mazauninsa.

Abu ɗaya take ƙulafuci a duniya, ta goya jika. Ranar da 'yarta Casilda ta iso daga Santa Cruz da jaririnta, tsohuwa har da rawa. Amma Casilda ta toge a bakin ƙofa, ta ƙanƙame yaron.

"Mama, ko kaji ko mu."

"Ji 'yar birni! A ɗakin nan na haife ki, kaji na kallo. Ga ki nan ƙatuwa, ƙofa ma ta yi miki kaɗan. Miƙo min maigidana!"

"A wajen awo aka gwada jinina, Mama. Ina da ciwon Chagas. A ɗakin nan na samo shi, yaron nan kuma ya ɗauka tun yana ciki. Yana shan magani, likita ta ce zai warke tunda an gano da wuri. Ni kam sai dai a riƙa duba min zuciya."

Wallahi ranar Eulogia ta ba ni tausayi. Ta shiga, ta durƙusa da ƙyar, ta jawo kwandon. Kazar ta tsattsage mata hannu har jini, ko ashar ba ta yi ba. Ta kai ta can bayan shinge, ta zuba sheƙar a wuta, ta wanke hannu, sannan ta dawo ta tsaya gaban 'yarta tana hawaye.

A ƙarƙashin bishiya aka miƙa mata yaron. Ɗaki kam, Casilda ta ce sai an yi feshi an yaɓe bango.