Hannun Da Ya Fito A Hoto

Yatsa Huɗu ake ce masa, kuma bai taɓa jin haushin sunan ba. Shekara tara ya yi a masana'antar kwali yana tura takarda bakin injin yanka, har ranar da injin ya haɗa da manuninsa na hagu. Aka naɗe masa hannu, aka ba shi haƙuri, bayan wata biyu aka sallame shi. In an tambaye shi sai ya ɗaga hannun ya ce, "Injin nan yana da kunya. Na hagu ya taɓa, ya bar min na cin abinci."

Gaskiyarsa kuwa, don hannun daman nan shi ne duk abin da ya mallaka. Mutumin ya iya zane. In ya zana fuskarka, uwar da ta haife ka za ta gane ka daga nesa. Da ɗan abin sallamar da aka ba shi ya sayi injin manna hoto, faranti biyu na ƙarfe masu zafin bala'i, a shimfiɗa riga a tsakani, a danne, bayan daƙiƙa goma sha biyar ya yi ƙara a ɗaga. Ya ajiye shi a falon gidansu mai ɗaki biyu, ya jera fararen kofuna da riguna da huluna a kan katako, ya buɗe shafi a intanet. Matarsa, Maman 'Yan Biyu, ita ke amsa saƙonni da naɗe kaya, mai babur ya zo ya kwasa.

A lokacin gari ya rabu biyu a kan mawaƙa biyu, Tartsatsi da Ƙanƙara. Masoyan Tartsatsi ja suke sawa, na Ƙanƙara shuɗi. Ni dai har yau abin yana ba ni takaici. Mawaƙan ba su san da zamansu a duniya ba, ƙila ma tare suke shan shayi, amma ƙarti da gemunsu suna fasa wa juna kai saboda su.

Da 'yan ja ya fara. Ya zana Tartsatsi a jikin riga, baki buɗe, wuta na fita, kaya suka yi ta tafiya kamar ana rabawa kyauta. Yakan riƙe kofi da hannunsa mai gibi a ɗauke shi hoto, har hannun ya zama tambarin shagon. Shugaban ƙungiyar 'yan ja, wani makaniken mota mai faɗin ƙirji da suke kira Kwamanda, ya rubuta a shafin, "Yatsa Huɗu namu ne. Wanda ya taɓa shi ya taɓa mu."

Da aka haifi tagwaye, baki ya ƙaru, sai ya dubi kasuwar 'yan shuɗi ya ga ita ma a buɗe take. Ya buɗe shafi na biyu a ɓoye.

"Baban 'Yan Biyu, taura biyu ba ta taunuwa," in ji matarsa.

"Ni ba tauna zan yi ba, sayarwa zan yi."

Ya kafa dokoki, kuma ya kiyaye su. Waya daban, mai babur daban, jan ƙyalle a teburin wancan shafi, shuɗi a na wannan. Har salon zanen ya sauya. A shafin 'yan shuɗi kuwa hannun matarsa kaɗai ke fitowa. Shekara biyu ana haka lami lafiya, har ya saki jiki ya zana abin da ya fi komai karɓuwa a wajensu: ƙanƙara tana zubowa kan wuta, wutar ta mutu mus, ga wani ɗan mutum mai kama da Tartsatsi yana gudu ba takalmi.

Wata Talata Maman 'Yan Biyu ta kai yara allurar rigakafi. Sababbin kofuna sun fito, masu saye suna ta matsa masa sai sun gani. Ya ɗauki waya da dama, kamar yadda kowa ke yi, ya riƙe kofin da hagu, ya ɗauka, ya ɗora a shafin 'yan shuɗi. Ko a jikinsa. Hannunka ne, kullum kana tare da shi, ka daina ganinsa.

Sai da ta dawo ta duba wayar, ta zauna a ƙasa daɓas. Ya goge hoton, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. An kwafe shi, an jera shi kusa da tsohon hoton shafin 'yan ja, an zagaye gibin yatsan da jan layi. Abin da ya ƙara dagula lissafi, kwana uku kafin nan 'yan shuɗi sun tare ƙanin Kwamanda a bayan filin wasa, suka tsiyaye masa ido da fasasshiyar kwalba. Rigar da ke jikin wanda ya riƙe kwalbar, zanen ƙanƙarar nan ne a ƙirjinta.

Washegari da azahar 'yan ja suka zo, su uku, har da Kwamanda. Injin na kunne, yana kan aiki. Da ya hango jajayen riguna ta taga, sai ya tura matarsa da yaran uwar ɗaki.

"Ki sa sakata. Ko me kika ji, kar ki fito."

Ba su yi sallama ba. Wani dogo ya sa ƙarfen taya ya share katakon kofuna a ɗauka ɗaya. Na biyun ya naushe shi a baki, ya ji haƙorinsa ya faɗo kan harshensa. Ya zube cikin fasassun kofuna suka rufe shi da ƙafa, a ciki, a haƙarƙari, a kai. Bai kare fuska ba. Hannun dama ya cusa ƙarƙashin cikinsa ya kwanta a kai, ya bar musu sauran jikin su yi yadda suka ga dama. Tsoro ne ya cika shi, amma ba na mutuwa ba. Tsoronsa kar takalmi ya sauka a kan yatsun nan biyar.

Kwamanda bai doke shi ba. Yana tsaye yana kallo, idonsa jawur, sanye da rigar Tartsatsi mai baki buɗe. Yatsa Huɗu ya gane ta ta cikin jinin da ya rufe masa ido. Shi ya buga ta a injinsa.

"Malam, ni na ce kai namu ne," in ji Kwamanda, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Ƙanina yana kwance da ido ɗaya. Abin da ya gani na ƙarshe da ɗayan, zanenka ne."

"Yallaɓai, sana'a ce. Wallahi ban san..."

"Na sani. Ba kashe ka zan yi ba. Hannun da ya yi zanen nake so."

Suka ja shi gaban injin, dogon ya ɗaga farantin sama, zafin ya bugi fuskokinsu. A nan wani abu ya faɗo wa Yatsa Huɗu. Babu ɗayansu da ya taɓa ganinsa yana zane. Hannu ɗaya suka sani, wanda ke fitowa a hoto. Ya miƙa na hagu.

"Ga shi. Ni bahago ne."

Dogon ya tsaya. "Oga, ƙarya yake. Wa ke zane ba manuni? Tun ɗazu na dama yake ɓoyewa." Ya murɗo hannun daman ya fara jansa zuwa farantin.

Sai sakata ta yi ƙara. Maman 'Yan Biyu ta fito ba ɗankwali, ta taka fasassun kofuna da tafin ƙafarta, ta faɗa kan hannun mijinta na hagu ta rungume.

"Don Allah ku bar masa wannan. Da shi yake zane, da shi muke ci. Ku ɗauki na daman, ba ya komai da shi. Ku ji tausayin yaran nan, ku bar mana na hagu."

Kwamanda ya dube ta, ya dubi dogon. Ya sa hannu ya ture ta, kanta ya bugu da bango. Da kansa ya shimfiɗa hannun mai yatsa huɗu a kan farantin, ya sauke na sama, ya danne da duk nauyinsa.

Ba zan faɗi warin ba, ba zan kuma faɗi ihun ba. Maƙwabta sun ji, ba wanda ya leƙo. Injin ya cika daƙiƙarsa goma sha biyar ya yi ƙararsa kamar kullum, sannan Kwamanda ya ɗaga.

A bakin ƙofa ya juyo. "Ka gama zane a duniya. In na sake ganin zanenka ko a bangon masai ne, na san kun yi min ƙarya, kuma zan dawo."

Likitoci sun yi iya ƙoƙarinsu. Hannun ya warke a dunƙule, ba ya buɗuwa. Kwana da kwanaki Maman 'Yan Biyu ba ta iya kallonsa. Rannan tana ba shi ruwa a gadon asibiti ta fashe da kuka.

"Ni na miƙa musu hannunka."

"Ke kika karɓo min ɗayan," ya ce da bakinsa mai gibi. "Ina ma laifi, yanzu baki da hannu sun yi anko."

Ta yi dariya tana hawaye, ta ce Allah ya shirye shi.

Shafukan nan biyu an rufe su. Akwai wani sabo, ana sayar da huluna da maƙallan mabuɗi da sitika na sari, irin waɗanda kowa ke da su. Ana samun na abinci, ba yabo ba fallasa. Mutanen layin suna tausaya masa, suna cewa gwani ne da, kafin hannun ya lalace, shi kuma sai ya gyaɗa kai. Ko takardar karɓar kaya aka miƙo masa, da gangan yake sa hannu a karkace.

Amma ranar Lahadi da hantsi, in yara sun tafi gidan kakarsu, Maman 'Yan Biyu takan sa sakata ta saki labule. Ya danne takarda da dunƙulallen hannun, ya ɗauki fensir da na dama, ya zana tagwayensa, ko ita tana naɗe kaya. Hannun bai manta komai ba, ya ma fi da. Sukan zauna su biyu su kalli zanen har su ƙoshi. Sannan ta ɗauka ta kai kicin ta kunna masa ashana, ta tsaya a kai sai ya zama toka.