Shekarar da Muka Ɗaure Kyanwoyi

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, har da sunayen wasu da muka yi kokawa da su a dandali, amma shekarar da ƙauyenmu ya ɗaure kyanwoyinsa ba za ta taɓa fita daga raina ba. Ko yanzu in na tuna, dariya ce ke fara zuwa, sannan takaici ya biyo baya ya kore ta.

Lokacin ba a daɗe da samun mulkin kai ba. Ƙauyenmu na kusa da Dandamisa, kuma ni sabon magidanci ne, shekarar ce ta farko da na cika rumbuna da gumin kaina. A saman dammunan dawa na ajiye abin da ya fi komai daraja a wurina, wato irin kaura da mahaifinmu ya bari. Shi ma wurin mahaifinsa ya gada. Ba a samun irinta a kasuwar Makarfi, tuwonta na da wani garɗi da baƙo ke tambaya in ya ci. Da ya rasu, Inna, wato mahaifiyarmu, ni ta damƙa wa irin, saboda ni ne na zauna na riƙe gona.

Yayana kuwa tun yana saurayi ya tafi Kaduna, ya yi shekaru yana kukun wani Bature. Da Turawa suka fara naɗe tabarmarsu, uban gidan nasa ya koma ƙasarsu, ya bar masa tsohuwar kwat da wani jibgegen kare mai kunnuwa kamar faifai. Da su ya dawo gida. Karen nan da sarƙa yake kwana, da sabulu ake masa wanka, a farantin tangaran yake cin abinci. Sunansa na Turanci ya gagari kowa, sai yara suka laƙaba masa Razdan, wato babban Baturen lardi, sunan ya bi shi. Dattawa in sun ga Yaya na wanke karen sai su kau da kai suna istigifari. Shi ko a jikinsa. Ba ya buɗe baki sau biyu bai ce "a Kaduna" ba, kuma da yake yana jin Turanci, dagaci ya jawo shi jiki, ya zama ba a yanke magana sai an ji ta bakinsa.

Gaskiya ɗaya ce, karnukan ƙauyenmu ba waliyyai ba ne. Na mafarauta ne da na Fulanin da ke bayan gari, suna yawo yadda suka ga dama, su buɗe tukunya, su kori kaji. Bayan kaka wani mahaukacin kare ya ciji wata yarinya a hanyar rijiya, hankalin kowa ya tashi. Duba-gari ya zo daga Makarfi a kan kekensa, ya ce a ɗaure karnuka har cutar ta wuce. Maganarsa ke nan, ya hau kekensa ya tafi, kuma ba wanda ya ga laifinta.

Yaya ne ya ga maganar ta yi kaɗan. A ƙofar dagaci ya miƙe cikin kwat ɗinsa, rana na dukan tsakar ka, ya ce, "Ranka ya daɗe, a Kaduna ba dabbar da ke yawo ba mai ita. Kare da kyanwa duk tafiyarsu ɗaya. Yanzu mun samu mulkin kai, bai kamata baƙo ya shigo ya same mu kamar mutanen daji ba." Dagaci ya gyaɗa kai, don ba ya son a ce shi ne bai waye ba. Kafin la'asar mai shela ya zaga gari: kowa ya ɗaure kyanwarsa, wanda aka ga tasa a sake zai ɗauki tsintsiya ya share ƙofar dagaci a gaban jama'a. Magidanci da tsintsiya, mata na leƙe ta kan danga. Ai gara a ce za a yi masa bulala.

Wanda bai taɓa ɗaure kyanwa ba bai san wahala ba. Washegari ba macen da ba za ka ga yagar farce a hannunta ba. Wasu suka ɗaure tasu a jikin turmi, wasu suka kife ta da kwando suka ɗora dutse, wani maƙwabcinmu ya fitar da kajinsa daga akurki ya zuba kyanwoyi a ciki, kaji suka koma kwana a kan bishiya. Gari ya ɗauki kukan kyanwoyi kamar ana zaman makoki. Inna na da wata tsohuwar kyanwa mai baƙi da fari wadda ke kwana a ƙarƙashin rumbuna, ita ma aka sa mata igiya a gindin turmi. Inna ta dube ta, ta ce, "Ikon Allah. An ba mutane mulkin kai, an ƙwace na kyanwa."

Ana cikin haka liman ya ƙara gishiri. Bayan sallar Juma'a ya tunatar da mu cewa duk wanda ya tsare kyanwa, bai ba ta abinci ba, bai kuma sake ta ta nemi nata ba, to ya shirya amsa tambaya gobe kiyama. Gaskiya ya faɗa, amma sai muka zama gaba kura baya sayaki. A saki, tsintsiya. A bari da yunwa, wuta. Mutanenmu suka zaɓi hanya ta uku, suka shiga kiwon kyanwoyi kamar ragunan layya. Matar da ke ƙyashin zuba wa mijinta nono a fura, ga ta tana durƙusa wa kyanwa da ƙwarya. Har busasshen kifi na ga an saya ranar kasuwa don kyanwa. Kafin sanyi ya wuce sun yi ɓul-ɓul, gashinsu na sheƙi, sun ma daina kukan.

Ɓeraye kuwa abin nema ya samu. Da farko motsinsu kawai ake ji a jinka, daga baya suka fara ratsa tsakar gida da rana tsaka, ba gudu ba sauri. Na tafi wurin Yaya, na tsuguna na gaishe shi, na ce, "Yaya, ko za a sassauta a kan kyanwoyin nan? Ɓera ya yi yawa, ina tsoron rumbu." Ya dube ni ta ƙasan ido ya ce, "Kai matsalarka ba ka taɓa wuce Zariya ba. A Kaduna tarko ake sawa." Na ce tarko nawa zai ishi rumbunan gari guda. Ya ce, "Ka ga irin taku ke nan." Muna maganar, Razdan na kwance a kan buhunsa, ga ɓeraye biyu sun kafa kai a farantinsa, shi kuma ya janye ƙafa don kada ya takura musu. Na ga abin, Yaya ma ya gani, duk muka yi kamar ba mu gani ba. Yayana ne, ba a ja da shi, na tashi na koma gida.

Da bazara ta yi, hadari ya fara haɗuwa ta gabas, na hau rumbu da hantsi don in sauko da iri. Ina ɗaga murfi wari ya doke ni. Na zura hannu inda zangarniyar kaura take, na damƙo, sai ƙaiƙayi da kashin ɓera. Na sake zurawa har kafaɗa, haka. Ɓeraye sun huda ta ƙasa, daidai inda kyanwar Inna ke kwanciya a da, sun haura har sama. Dawar ci ta ragu, wannan da sauƙi, ana iya saye. Irin ne babu ko tafi ɗaya. Na sauko na zauna a gindin rumbu, ƙato da ni, hawaye na zuba, ban ji kunyar kowa ba.

Inna ta zo ta karɓi ƙaiƙayin, ta murza a tafin hannunta, ta busa. Ta wuce gindin turmi ta kwance igiyar kyanwarta, ta yafa mayafi, ta ɗauki tsintsiya ta fita. Ina biye da ita ina "Inna, ina za ki?" ko waiwaye ba ta yi ba.

Ƙofar dagaci cike take, Yaya na zaune kusa da shi. Inna ta durƙusa ta yi gaisuwa yadda ya kamata, sannan ta ce, "Ranka ya daɗe, na saki kyanwata. Na ji an ce hukuncin shara ne, shi ne na zo da tsintsiyata don kada a wahala da nema." Ta sunkuya ta fara shara daga bakin tabarmar dagaci. Tsohuwar da ta ga haihuwar rabin mazauna wurin, ga ta tana tara kashin awaki a gabansu.

Dagaci ya zabura ya ce, "Haba Inna, wa ya isa? Don Allah ki ajiye." Ta ce, "A'a, doka ce. Ɗana ne ya kawo ta daga Kaduna, in ban bi ba wa zai bi?" Wani dattijo daga baya ya ce a hankali, amma kowa ya ji, "Ɗan kuka mai jawo wa uwarsa jifa." Yaya ya taso ya kama tsintsiyar. Inna ta sakar masa, ta ce, "To share. Ka haɗa har da can gindin bishiya." Ya share filin nan kaf cikin kwat ɗin Bature, gumi na tsiyaya, ƙura na hawa kansa, ba wanda ya ce a gaishe ka. Ba a yi shelar soke doka ba. Kafin magariba dai ba sauran igiya a wuyan kyanwa ko ɗaya.

Kada ka ce daga nan aka huta. Kyanwoyin da suka saba da nono, aka sake su, sai suka koma gindin turmi suka zauna suna jiran ƙwarya. Ɓera ya wuce ta gabansu, su bi shi da ido kamar Razdan. Sai da yunwa ta koya musu sana'arsu daga farko. Ni kuwa na taka har Janfalan, na tsuguna gaban surukina na roƙi iri a shekarata ta farko ta zama mai rumbu. Ya ba ni da mutunci, bai tambaye ni komai ba, kuma shirun nasa ya fi zagi ciwo.

Har yau ban ce a bar kowane kare ya yi ta yawo ba. Na ga yarinyar da aka ciza, mai cizo a ɗaure shi. Abin da na koya shi ne, kafin ka sa wa dabba igiya, tambayi aikin da take yi maka lokacin da kake ganin yawon banza take, kuma dokar gidan Bature mai cin abincin gwangwani ba ta dace da garin da ransa ke cikin rumbu ba. Yaya ya rayu ya tsufa, mun shirya, har ya daina cewa "a Kaduna". Amma a waccan shekarar, da kaka ta zo aka tuƙa tuwon sabuwar dawa, Inna ta kai loma ɗaya, ta tauna, ta ce, "Alhamdulillahi, tuwo ne." Ta ture kwanon. Kaurar mahaifinmu ba ta sake tsira a gonar kowa ba.