Wan Maino

Kafin sunan Maino Besra ya fara fita a rediyo, da Somai aka san gidan Besra a ƙauyen Kusumdi. In baƙo ya sauka daga motar Dumka ya ce gidan maharbin nan yake nema, kowa ya san inda zai nuna masa. Tun Somai yana ɗan mitsitsi yake yawo da bakan gora a kafaɗa. Kurciya ba ta gama tashi daga reshe ya kado ta, zomon da ya samu ya yi tsalle na biyu kuwa, ranar da sa'a ya fito. Ranar bikin Sakrat, bayan an yi wanka a rafi an ci wainar shinkafa, sai a kafa kututturen ayaba a filin bayan gari, maza su jeru. Wanda ya fara huda shi, a kafaɗa ake ɗaukarsa ana kiɗa har ƙofar manjhi, wato mai gari. Shekara da shekaru, Somai kaɗai ake ɗauka.

Maino ƙanwarsa ce, kuma ba ta taɓa riƙe baka ba. Ba ita kaɗai ba. A ƙabilarsu ta Santal mace ba ta kama garma, ba ta hawa rufin ɗaki, ba ta jan tsarkiya. Ko kusa da bakan wanta ta gifta da tsintsiya, sai uwarsu ta daka mata tsawa. Aikinta ɗebo ruwa ne daga rijiyar gangaren dutse, tulu a kan tulu, da tsintar furen bishiyar mahuwa in lokacinsa ya zo.

Wata shekara wani koci ya zo daga makarantar harbi ta Ranchi yana neman yaran da zai horar. Somai ya kwana da shirinsa, har mai ya shafa wa baka. Ya harba a gaban kocin, ya samu duk abin da aka nuna masa, jama'a suna ihu. Kocin kuwa sai ya buɗe jaka ya fito da wani baka na ƙarfe mai sanduna tsiri-tsiri, ya miƙa masa.

"Ja har haɓarka, ka riƙe. Kada ka saki sai na tafa."

Somai ya ja. Kafin kocin ya ɗaga hannu, kibiya ta tafi.

"Na ce ka riƙe."

"Na riƙe ai."

"Sake."

Ya sake, ya kuma sakewa, har gumi ya jiƙa masa riga. Da tsarkiya ta iso kusa da fuskarsa, yatsun nan sai su buɗe da kansu, ba su nemi shawararsa ba. Laifinsu ne? A daji aka koya musu, inda mai jira yake komawa gida hannu sake.

"Maharbi ne kai na gaske," in ji kocin. "Amma hannunka ya riga ya ƙone kamar tukunya, ba ni da inda zan lanƙwasa. Wadda ba ta taɓa riƙe baka ba ta fi mini sauƙi."

Ya faɗi haka ne idonsa yana kan Maino. An aike ta ta kawo wa baƙi ruwa, maza sun cika filin, ba wanda ya kula balle ya sauke mata. Tun ɗazu take tsaye da tuluna a kai, wuyanta ko gezau. Kocin ya sa aka sauke mata, ya ba ta robar tayar keke ya ce ta ja ta riƙe. Dattawa suka kalli juna, suka ga ai roba ba baka ba ce. Ta ja, ta riƙe, ta yi ta riƙewa, har kocin ya manta da tafi.

An sha muhawara kafin a sake ta. A ƙarshe manjhi ya yanke cewa kakanni bakan gora suka hana mata, na ƙarfe kuwa ba su san shi ba balle su hana. Abin da ya faru a Ranchi na Ranchi ne. Somai ne ya ɗaukar mata akwati zuwa tasha, yana ce wa duk wanda suka gamu da shi, "Kafin a shuka shinkafa za ta dawo. Wannan ko kare ba ta iya jifa."

Ba ta dawo ba. Ta sha wuya, wannan kam ko Somai bai musa ba. Yatsunta suka yi kanta, tsarkiya ta bar mata tabo a haɓa, ta yi wata da watanni tana jan roba kafin a ba ta kibiya. Daga nan ta ciwo lambar jiha, ta ciwo ta ƙasa, ta hau jirgin sama zuwa ƙasashen da uwarsu ba ta iya faɗin sunansu. Kamfanin jirgin ƙasa ya ba ta aiki saboda harbin. Ta rufa wa gidansu kwano.

Somai kuwa ƙyashi ya kama shi, irin wanda yake hana mutum jin daɗin abinci. Duk ranar da za a nuna ta, yana shagon mai shayi tun kafin a kunna talabijin, wai shi hanya ce ta biyo da shi.

"Ku dube ta fa," sai ya ce. "Tsaye kamar mai jiran mota. Allon nan gudu yake yi? Da gyado ne ya taso mata, da tuni an kai ta asibiti."

"To ai ta samu tsakiya, Somai."

"Da ƙarafan nan a jikin baka, ko akuyata sai ta samu."

Akuyar kuwa ta ci riba, domin rigar sanyi mai tambarin ƙasa da Maino ta aiko masa, ita ya saka wa da hunturu ya yi tsanani. Abin da ya fi ci masa rai, baƙi har yanzu suna sauka daga motar Dumka suna neman gidan Besra. In sun same shi a ƙofa sai su ce, "Kai ne wan Maino?" Su miƙa masa waya ya ɗauke su hoto a gaban lambobinta. Abu ɗaya ya rage masa a duniya, kututturen ayaba na ranar Sakrat.

Sai ga shi bana Maino ta samu hutu ta zo biki. An kafa kututture, maza sun jeru, mata suna gefe suna waƙa. Wani saurayi ya ɗaga murya, "A ba Maino baka! Duniya ta gani, mu ba za mu gani ba?" Samari suka ɗauka gaba ɗaya. Manjhi ya tsufa, ya fara sosa kai yana murmushi, da alama zai sakko. Somai ya dubi kututturen. Ya tuna yadda kibaunta suke cunkushewa a tsakiyar allo daga nisan da shi ko hango allon da ƙyar yake yi. Ya ga kansa yana tafiya a ƙasa, ƙanwarsa a kafaɗun mutane.

"Baba manjhi!" Somai ya ɗaga murya. "Kai da bakinka ka ce na Ranchi na Ranchi ne. Nan Ranchi ne? Wannan bakan ƙarfe ne? Yau mace ta ja tsarkiya a filin kakanni, gobe ta kama garma, in ruwa ya ƙi sauka kada a tambaye ni!"

Somai fa, wanda rabonsa da zancen kakanni tun rasuwar ubansu. Amma maganar ta shiga. Dattawa suka gyaɗa kai, manjhi ya sa aka kawo giyar shinkafa ya zuba a ƙasa, ya ce an rufe zancen, ba bana ba, ba baɗi ba. Maino ta ce, "Gaskiya Dada ya faɗa," don haka take kiran wan nata, ta koma cikin mata.

Kibiyar farko Somai ya huda kututturen, tsakiya cif. Aka ɗaga shi. Daga can sama yana jin abin da ake faɗa a ƙasa.

"Ai jini ɗaya ne da Maino."

"Ita take nuna masa in ta zo hutu."

"To don me ya hana ta? Tsoro ya ji, malam."

Da yamma ya tarar da ita a tsakar gida tana tsince shinkafa, tana ƙunshe dariya.

"Dada, yau ka rufa mini asiri."

"Kamar yaya?"

"Da safe da ka tafi rafi, na saci bakanka na shiga bayan gida. Kada ka gaya wa Mama. Ba abin saiti, ba abin da zai yi ƙas ya ce mini saki. Na ja na tsaya ina jira, gora tana ta karkarwa. Na auni bishiyar mangwaro, kibiya ta faɗa a gonar kabewa. Na sake, na kusa kashe akuyarka, mai rigar nan." Ta share hawayen dariya. "Da suka fara kiran sunana, na rasa inda zan ɓuya. Da na harba a gaban mutanen nan, ko kusa da kututturen ba zan je ba. Ni ban san yadda kake yi ba."

Somai ya tsaya da bakan a hannu. Da ya yi shiru ɗazu, da gari guda ya gani da idonsa, Maino ta Ranchi da jirgin sama ta ɓarar, shi ya huda.

"To baɗi," ya ce a hankali. "Baɗi sai ki gwada."

"Wane baɗi, Dada? Ba ka ga an zuba giya ba? Kai ka sa aka zuba."

Ta ci gaba da tsintar shinkafarta. Wani mai keke ya wuce ta ƙofar gida, ya kaɗa ƙararrawa ya ɗago hannu.

"Sannu da ƙoƙari, wan Maino!"