Addu'ar da Aka Tare a Damilu

In ka ga dama ka ce sharata nake, amma ni na zauna a gidan da aka kafa wa addu'a shinge irin na sojoji, sai an bincike ta kafin ta wuce sama. Gidanmu ne a Damilu, ɗaki da falo, bayan yaran daji sun kore mu daga garinmu mun faɗo Jimeta.

Ranar gudun, Baba ya koma kwance awaki, wai kada su mutu a ɗaure. Direba ya ji harbi ya ja mota. Bappa, ƙanen Baba, da Kawu, yayan Mama, suna zaune gaba kusa da direban, mu muna baya kan buhuna. Tun ranar ba Baba, ba gawa, ba labari.

Bappa katakis ne na Katolika, ko atishawa zai yi sai ya ji ra'ayin Fada. Kawu kuwa dattijon coci ne a Furotesta, ko gishiri ka ce ya miƙo maka sai ya haɗo da aya. Mama dai so take ta yi wa mijinta addu'a, ta yi kuskuren tambayarsu yadda za ta yi.

Bappa ya ce a yi masa Mas na matattu. Kawu ya ce roƙa wa mamaci koyarwar ƙarya ce, a nuna masa a Baibul. Bappa ya tambaye shi wa ya tattara Baibul ɗin in ba coci ba, ya ce ai su 'yan Furotesta kowa Paparoma ne a ɗakinsa, shi ya sa coci-cocinsu suka fi shagunan cajin waya yawa a unguwar Karewa. Kawu ya ce gara haka da mutum ɗaya ya karkace a Roma duniya ta bi shi rami. Kullum haka, har na fi son hayaniyar fasinjojin Keke Napep ɗin da nake tuƙawa.

Mama ce ta sha wuya. In ta yarda da Mas alhali yana raye, ta binne mijinta da bakinta. In ta ci gaba da roƙa masa alhali ya mutu, Kawu ya ce zunubi. Da safe a addu'arta za ta ambaci kowa, har tayar kekena, in ta zo kan Baba sai ta yi shiru. Ta rame, zani na zagaye ta kamar tuta a sanda.

Wata Lahadi bayan coci tana tsince wake, Bappa ya shigo ya ce ya riga ya shirya Mas da Fada. Kawu ya ce in ta taka wurin zai sa a cire ta daga zumuntar mata. Mama ta ajiye faifai ta durƙusa a gabansu, ta ce wa Allah shi ya san inda mijinta yake, raye ko mace, ya riƙe mata shi.

Karon farko bakinsu ya zo ɗaya: da izinin wa?

Ta miƙe tana kaɗe gwiwa.

"Kai mai Paparoma, kai mai aya, ku biyu kuna gaban mota ranar nan. Wanne a cikinku ya ce wa direba a jira shi?"