Bugun da Na Ji a Injin Ticha

Ni ne da laifi, kuma tun ranar da na aikata na san laifi ne. Ba kuskure ba ne, ba kuma mantuwar tsufa ba ce. Na ji abin da na ji a cikin injin motar yaron nan, na gane shi sarai, na ƙi faɗa. Zan rubuta yadda abin ya faru da irin rubutun da na iya, don karatuna na boko bai wuce firamare ba.

Sana'ata tuƙi. Na yi shekara talatin da wani abu ina jan motar wata ma'aikatar gwamnati, har na yi ritaya na dawo na zauna a gidana a Tudun Wada. Mai ɗakina ta rasu shekara huɗu da suka wuce, Allah ya jiƙanta. Yara sun watse, wannan yana Kaduna, babbar tana Abuja, autar tana aure a Funtuwa. Gidan da a da sai na yi tsawa kafin in ji labaran rediyo, yanzu ko cokali ne ya faɗi a kicin ina jinsa daga ƙofar gida. Abin da ya rage mini mai motsi shi ne tsohuwar akori-kurata. Kullum in na dawo daga masallaci da safe nakan tashe ta, in bar ta ta ɗan yi zafi, in kashe. Ba inda za ni da ita.

Babbar 'yata ce ta sayo mini babbar waya, ta ce ko za ta rage mini zaman shiru. Wani tsohon abokin aikina ya saka ni a guruf ɗin hira na masu tsofaffin motoci a wayar. Ba mu da yawa a lokacin, kuma galibi tsofaffin direbobi ne da kanikawa, wasu a Kano, wasu a Jos, wasu a Gusau. Ba ma cika rubutu ba, sai dai saƙon murya. Shugabanmu wani Alhaji ne mai sayar da kayan gyaran mota a Kano.

Muna da wata al'ada. In motar mutum ta canja murya, sai ya buɗe bonet, ya kara wayarsa kusa da inji, ya ɗauki ƙarar ya turo, kowa ya faɗi abin da ya ji. A nan ne na yi suna. Allah ya ba ni kunne, kuma shekara talatin a bayan sitiyari ta wasa shi. Ina iya raba kukan bel da kukan famfon ruwa, ina iya gane fulogi ɗaya da ba ya ci. Suka sa mini Baba Mai Kunne. Da an turo ƙara sai Alhajin Kano ya ce, "Ina bawan nan nawa Bazazzagi? Fito ka yi aikin da na ajiye ka dominsa."

Ni kuma in ce, "Ai dole ka neme ni, Bakano. Kai ko jirgin ƙasa aka kara maka a kunne cewa za ka yi babur ne."

Sai a yi ta dariya. Ba zan ɓoye ba, wannan kiran shi ne abin da nake jira a yini. Akwai ranakun da in ban da gaisuwar masallaci, ba wanda ke kiran sunana sai su.

Daga baya samari suka fara shigowa. Wani ya turo wani, wancan ya jawo abokansa, cikin mako biyu sun fi mu yawa. Ɗalibai ne da masu bautar ƙasa da sababbin ma'aikata. Wasu motar kakansu ce ke kwance a gida suke so su tayar, wasu ko taya ba su da ita, sha'awa ce kawai. Suna rubutu da Turanci, suna turo hotunan motocin ƙasashen waje masu ƙyalli. In na buɗe waya da safe sai in tarar da saƙonni tuli, rabi ban iya karantawa ba. Wasu dattawan suka ce a fitar da su. Alhaji ya ce, "Ku bar su. In ba su ba, 'yan gwangwan ne za su gaji motocin nan, su auna su a sikeli." Na yarda da maganarsa a baki, amma zuciyata ba ta so ba.

A cikinsu akwai wanda muke ce wa Ticha, don yana koyarwa a wata sakandare. Ɗan Tudun Jukun ne, da ƙafa ma ana zuwa daga gidana, amma ban taɓa ganinsa ido da ido ba. Kiristoci ne. Mahaifinsa tsohon hedimasta ne, ya rasu ya bar wata farar mota ƙarama da ta shekara tara a ƙarƙashin rumfar kwano. Ticha yana ta gyara ta kaɗan-kaɗan. Yaro ne mai ladabi. Shi kaɗai a cikin samarin yake turo murya da Hausa, ya fara da "Iyayenmu, barkanku da asuba," kafin ya yi tambaya.

Wata rana wani ya tambayi yadda ake jera wayoyin fulogi a irin motar Ticha. Na amsa nan take, na faɗi jerin daga kaina. Bayan ɗan lokaci Ticha ya turo hoton wani shafi daga littafin motar da mahaifinsa ya bari, ya biyo shi da murya: "Baba, a yi mini haƙuri, ga yadda littafin ya nuna. Ko dai na akori-kura kuke nufi?"

Shi ne da gaskiya. Na juya biyu daga ciki. Kuma ya ba ni ƙofar fita, da na ce i, na akori-kura ne, da an wuce wurin. Amma kafin in ce komai, sauran samarin suka fara manna wa saƙona fuskar nan mai dariya har da hawaye. Na zauna a kan tabarma na ƙirga su da yatsa, guda bakwai. Ticha bai sa ko ɗaya ba. Duk da haka shi na riƙe a raina, don sauran ban san su ba, shi ne na san muryarsa.

Bayan kamar mako uku, ranar wata Alhamis bayan la'asar, ya turo saƙo cikin murna. Ya ce mota ta tashi. Ya ce mahaifiyarsa tana cikin ɗaki ta ji ƙarar, ta fito ba ko takalmi, ta tsaya ta dafa bonet. Ya ce ran Lahadi zai kai ta Samaru a ciki, cocin da aka ɗaura musu aure da mahaifinsa, don tun rasuwarsa take cewa ba za ta koma can ba sai a motar nan. Sai ya turo ƙarar injin, ya ce iyaye su saurara su sa albarka.

Na kara waya a kunne. Daga sama lafiya lau injin ke tafiya. Amma can ƙasa akwai wani bugu mai nauyi, a hankali, kamar mutum yana ƙwanƙwasa ƙofar katako da gwiwar yatsa daga cikin wani ɗaki. Na maimaita sau uku. Na san bugun nan. Baƙin mai ne ba ya isa ƙasan inji, ƙarfe yana cin ƙarfe. Motar da ta daɗe a kwance takan yi haka. In aka kashe ta a lokacin aka buɗe ƙasan, gyara ne na kwana biyu. In aka hau titi da ita ta yi zafi, shi ke nan.

Saƙonni suka yi ta shigowa, kowa na cewa ma sha Allah. Wani bakanike daga Jos ya ce 'yar ƙarar da yake ji ta sama ce, za ta daina da kanta. Sai Alhaji ya ce, "Ku dakata, bawana bai yi magana ba. Mai Kunne, me ka ji?"

Na danna wurin ɗaukar murya. Har na ce "Ticha," sai na tsaya. Abin da ya zo mini a rai shi ne, ai yana da littafi, littafin ya faɗa masa. Na goge saƙon. Da na yi shiru gaba ɗaya ma da da sauƙi, sai a ce ban gani ba. Amma na nemo hoton hannun nan mai ɗaga babban yatsa, na tura.

Ticha ya ce, "Na gode, Baba. Tunda kun ce lafiya, hankalina ya kwanta."

Akwai Juma'a, akwai Asabar. Kwana biyu cur ina da damar in gyara. Na je masallacin Juma'a na dawo, waya tana aljihuna. Na ce wa kaina wataƙila kunnena ne, wataƙila ƙarar iska ce a wayarsa. Na san ƙarya nake yi wa kaina.

Ran Lahadi da hantsi hoton ya shigo. Farar motar a gefen titi a Kwangila, bonet a buɗe, baƙin mai ya malale a kwalta. A gefe ga wata dattijuwa cikin kayan zuwa coci, fari tas, ta riƙe jaka da hannu biyu tana kallon motar. Ticha ya ce injin ya buga. Ya tare mata keke-napep ya mayar da ita gida, don ta ce ta fasa zuwa Samarun. Da kanikawa suka buɗe, suka tarar wani ƙarfe ya fasa jikin injin. Alhaji ya bincika a Kano, wani ya bincika a Jos, ba a samu irin injin ba.

Wani daga cikin samarin ya rubuta, da Hausa wannan karon don in gani, cewa ashe kunnen ma yana ritaya. Ticha ne ya tare mini. Ya ce, "Kar wanda ya taɓa Baba. Waya ba ta ɗaukar komai da komai. Abin da Allah ya rubuta ne." Na saurari wannan saƙon ina zaune ni kaɗai a tsakar gida, tuwon da 'yar maƙwabta ta kawo yana gabana, na kasa ci.

Daga nan na daina magana a guruf. Ana turo ƙara, Alhaji yana kiran bawansa, ina gani ina wucewa. Ya kira ni a waya sau biyu, na ce masa mura ce ta toshe mini kunne. Da suka gaji suka daina kira. Na koma yadda nake kafin a sayo mini wayar, har ma ya fi, don yanzu ina jin hirarsu tana tafiya ba ni. Na yi istigfari ba adadi. Amma tun muna makarantar allo aka koya mana cewa haƙƙin mutum sai mutumin ya yafe, kuma mutumin nan yana Tudun Jukun, tafiyar da ba ta kai rabin awa ba.

Abin da ya hana ni zuwa shi ne kowa ya riga ya ba ni uzuri. An ce tsufa ne. In na yi shiru, zan mutu a matsayin tsohon da kunnensa ya gaza, kuma wannan ba abin kunya ba ne. In na yi magana, na zama tsohon da ya yi wa sa'an ɗan cikinsa mugunta a kan fuskar dariya guda bakwai.

Ana nan sai Ticha ya turo mini saƙo ni kaɗai. Ya gaishe ni, ya tambayi jiki, don ya ji an ce ina mura. Sannan ya ce, "Baba, kullum sai na saurari ƙarar nan da na ɗauka, ina neman inda na yi sakaci. Mama ma ta daina zama a tsakar gida. Don Allah ku sake saurara mini. In akwai abin da ya kamata in ji ban ji ba, ku faɗa mini, in san nawa laifin. In babu, in samu in huta."

Ashe duk kwanakin nan shi yake ɗauke da kayana.

Na kwana biyu ban amsa ba. Rana ta uku, Asabar, na sa wankakkiyar riga da hula, na bar akori-kura a gida, na taka da ƙafa. Na yi tambaya a wurin wani mai kanti, ya nuna mini gidan marigayi hedimasta. Na yi sallama. Wani dogon saurayi siriri ya fito da jan biro a hannu, da alama takardun ɗalibai yake dubawa. Da na buɗe baki ya gane muryar, ya durƙusa har ƙasa.

"Baba! Da kanku? Ai da kun aiko na zo. Mama, ga Baba Mai Kunne!"

Ya shigar da ni. Motar tana ƙarƙashin rumfa, an lulluɓe gabanta da tsohon zane. Dattijuwar ta fito tana gyara ɗankwali, ta ce, "Sannu da zuwa, Malam. Kullum sai ya yi zancenka. A kawo wa Malam kujera da ruwa."

Na ce a bar kujerar. Na cire hulata, na tsaya a gabansu, na ce:

"Mama, Ticha, ba ziyara na zo ba. Ka tambaye ni ko akwai abin ji a ƙarar nan. Akwai, kuma na ji shi tun ranar Alhamis ɗin, sau uku na saurara. Na san injin zai buga in ka hau titi. Na ƙi faɗa maka ne don haushin ranar da ka gyara mini magana, alhali kai ne da gaskiya, kuma cikin ladabi ka yi. Ba kunnena ne ya gaza ba, kuma kai ba ka yi sakacin komai ba. Ni na kashe motar mahaifinka, ni na tsayar da ke a titi, Mama. Yau zan faɗi haka a guruf da bakina, kowa ya ji. Ba ni da abin da zan mayar muku da shi. Na zalunce ku, ku yafe mini don Allah."