Katin da Baba Mai Tafireta ya zaɓa

Har yau Baba Mai Tafireta ake ce masa, duk da ya daɗe da jingine tafireta ya koma kwamfuta. Shagonsa ɗan lungu ne a ƙarƙashin matattakalar wani bene, tebur ɗaya, kujera biyu. Da can layi ake yi a ƙofarsa, masu neman aiki da masu kai koke. Yanzu kowa da wayarsa a hannu. Matarsa ta rasu, 'yarsa tilo tana aure a gari mai nisa. Duk da haka kullum sai ya buɗe shago, ya goge tsohuwar kwamfutarsa, ya kunna ta, ya zauna.

Wata safiya ta ƙi tashi. Haske ya kawo, amma ta ce ba ta ga faifan ajiyarta ba. Mai gyara ya kwance ta, ya shinshina, ya ce mahaɗar faifan da babban allon ciki ce ta ƙone. Faifan lafiyarsa lau, sai dai a nemo katin da za a soka a ciki ya riƙa haɗa su.

Ya kira 'yarsa ya gaya mata.

"Baba, don Allah ka rabu da tsohuwar nan, in aiko maka da sabuwa."

"In aka fara rabuwa da tsofaffi, ai har da ni za a haɗa."

Ta yi dariya, ta ce yaro na kuka, za ta sake kira.

Washegari ya tafi layin masu tsofaffin kayan kwamfuta. Sai a shago na ƙarshe wani mai teɓa ya jawo kwali daga ƙarƙashin kanta, ya zazzage masa katuna. Wasu na siririyar waya ne, irin ta faifan zamani. Wasu na faffaɗar waya ne mai kama da ɗamara, irin tasa.

"Baba, ɗauki na zamani, ka haɗa da sabon faifai, ta riƙa gudu."

"Ina za ta da gudu?"

Ya ciro faffaɗar wayar daga aljihu, ya riƙa gwada bakinta. Wani katin haƙorinsa ɗaya ya lanƙwashe, wani ya yi tsatsa, wani kuma ya fi ramin kwamfutarsa tsawo, don ya zo da zaren da ya auna ramin da shi. Mai shagon ya miƙo masa kujera, suka shiga hirar injunan da, waɗanda suka mutu da waɗanda suka ƙi mutuwa. Tun da wuri Baba ya ga wanda zai ɗauka, wani kore maras ado, amma ya ci gaba da jujjuya sauran har rana ta karkata.

Da kansa ya soka katin, ya ɗaure ƙusa. Kwamfuta ta yi 'yar ƙara, ta tashi, komai na nan yadda ya bar shi. Ya leƙa waje ya ce wa tela maƙwabcinsa, "Ta tashi!" Tela ya ɗaga masa hannu, bai tsayar da keke ba.

Bayan 'yan kwanaki ya sake komawa layin, wai yana son kati na biyu ya ajiye saboda gaba. Mai teɓa yana tsakiyar ciniki, ya dube shi bai gane shi ba.

"Wane iri kake nema, Baba?"

Baba ya gyara tsayuwa, ya ciro zarensa, ya soma bayani tun daga farko, a hankali.